Filin Wasa a Cikin Gari ko a Bayan Gari: Wa Zai Zo Kallo, Wa Zai Ci Riba?



Masu girma iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Iyayenmu mata da suka bar aikin gida suka zo, sannunku da ƙoƙari. 'Yan'uwanmu da suka taso daga Mafara da Bakura da Maradun, barkanku da isowa Jangebe lafiya. Duk wanda ya san halin da hanyoyinmu suke ciki ya san zuwan nan naku ba ƙaramin zumunci ba ne. Sai ku matasa da kuka shirya wannan zama kuka gayyace ni, Allah ya yi muku albarka.

Tambayar da kuka ba ni in yi magana a kanta ita ce: idan aka ɗauko filin wasa daga bayan gari aka kawo shi cikin gari, 'yan kallo za su ƙaru? Kuma unguwar da aka kawo shi za ta amfana? Na san wasu dattawa suna cewa a ransu, mu da muke fama da tsaro da tsadar taki, ina mu ina zancen ƙwallo? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Maganar filin wasa maganar ƙasa ce, da kuɗin jama'a, da inda yaranmu za su taru bayan la'asar. Waɗannan kuwa babu wanda ba su shafa ba a cikinmu.

Tambayoyin biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko, ta 'yan kallo, amsata ita ce i, amma da sharaɗi. Ta biyu, ta arzikin unguwa, amsata ta fi kusa da a'a. Ga dalilaina.

Na farko: mutum yana zuwa kallo ne inda ƙafarsa za ta kai shi.

Ba sai mun je nesa ba. Mu ɗauki filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, gidan Kano Pillars. Yana bakin tsohon birni, ga kasuwar Kantin Kwari kusa, ga Fagge, ga Sabon Gari ba nisa. Yaron shago zai ce da maigidansa zai je ya dawo, ya taka da ƙafa ya shiga. Duk mai bin gasar ƙwallon Najeriya ya san filin Pillars yana cikin waɗanda suka fi cika a ƙasar nan. A can aka buga wasu daga wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

To ku kwatanta shi da babban filin Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, aka sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Yana ɗaukar mutum dubu sittin da 'yan kai. Ya fi na Kano girma nesa ba kusa ba, ya fi shi kyau, ya fi shi cin kuɗi. Amma yana bakin ƙofar shiga birni, manyan tituna sun kewaye shi, talakawan da suke son ƙwallon kuwa suna kwana a Nyanya da Kubwa da Mararraba. Ranar 29 ga Maris 2022, da Najeriya ta kara da Ghana a neman zuwa kofin duniya, filin ya cika, amma a ranar sai da gwamnati ta sallami ma'aikata da wuri. Sauran ranakun shekara fa? Kujeru ne suke kallon kujeru.

Pillars ɗin ma an gwada ta. A 2020, lokacin annobar korona, aka mayar da filin Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya, ƙungiyar ta koma tana buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Ƙungiyar ita ce dai, rigar ita ce dai, amma yaron shagon nan na Kwari ba zai iya cewa maigida zai je Kaduna ya dawo ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan hujja ta ƙara nauyi. Idan kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya fi kuɗin ƙofa, wa ya rage a cikin 'yan kallo? Sai mai babur ɗin kansa. Saboda haka a wannan gaɓa, masu cewa a kawo fili cikin gari sun fi gaskiya.

Na biyu: sabon fili amarya ne, amarci kuwa yana ƙarewa.

A nan zan kai ku Amurka, domin su ne suka fi kowa yin wannan gardama, kuma sun fi kowa ajiye lissafi. Suna da wani wasa da ake kira besbol: mutum ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga. Ba sai mun fahimci ƙa'idarsa ba. Abin da ya dame mu shi ne, kowace babbar ƙungiya tana buga wasa 81 a gidanta a kakar wasa ɗaya. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

A shekarun 1960 da 1970, da yawa daga biranensu sun gina filaye a inda ake da sararin ajiye motoci, wasu a gefen gari. A 1992 birnin Baltimore ya buɗe sabon fili mai suna Camden Yards a tsakiyar gari, kusa da tashar jiragen ruwa. A tsohon filinsu, 'yan kallo a 1991 sun kai kimanin miliyan biyu da rabi. A shekarar farko a sabon fili suka haura miliyan uku da rabi. Sai kowane birni ya ce shi ma haka zai yi. Cleveland ta buɗe nata a 1994, kuma daga 1995 zuwa 2001 ta sayar da dukkan tikiti a wasa 455 a jere, ba a taɓa rage kujera ɗaya ba.

Idan mai neman kwangila ne yake ba ku wannan labari, a nan zai tsaya ya nemi tafi. Ni ba kwangila nake nema ba, don haka zan ƙarasa. Ƙungiyar Baltimore ta shiga shekaru 14 a jere, daga 1998 zuwa 2011, kowace shekara wasannin da ta sha kashi sun fi waɗanda ta ci. A 2008 'yan kallonta suka faɗo ƙasa da miliyan biyu, wato ƙasa da abin da take samu a tsohon filin da aka raina. Filin yana nan inda yake a tsakiyar gari, bai gusa ko taku ɗaya ba. Cleveland ma da taurarinta suka watse, kujeru suka fara bayyana.

Ga kuma wanda ya yi akasin haka. A 2017 ƙungiyar Atlanta ta bar filinta da ke kusa da tsakiyar birni ta koma bayan gari, saboda ta lissafa cewa masu sayen tikitinta a can suka fi zama. Jama'a suka bi ta, musamman da ta ɗauki kofi a 2021.

Me wannan yake nuna mana? Wuri yana sauƙaƙa zuwa, amma ba shi ne yake sa a yi sha'awar zuwa ba. Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Wannan ne ya haɗu da kusanci ya cika Ƙofar Mata. Mu a jiharmu, Zamfara United ta taɓa bugawa a babban rukuni, tana karɓar baƙi a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau. Filin bai tashi daga Gusau ba. Ku da kuke bin ƙwallo kun fi ni sanin yadda labarin 'yan kallo ya kasance tun da ƙungiyar ta sauka.

Na uku, kuma a nan nake so mu daɗe: daga ina kuɗin da ake cewa filin zai kawo suke fitowa?

Duk inda ake son gina fili, kalaman iri ɗaya ne. Mai shayi zai samu, mai tsire zai samu, mai awara da mai ruwan leda za su samu, 'yan kabu-kabu za su samu, hayar shago za ta tashi. Kuma ba ƙarya ba ne. Ranar wasa duk za su samu.

Amma mu yi misali. A ce matashi ɗan garin nan yana da naira dubu ɗaya ta kashewa yau da yamma. Idan babu wasa, zai zauna teburin mai shayin unguwarsu, ya sha, ya shiga gidan kallo ya biya, ya sayi ƙosai a hanyar gida. Idan akwai wasa, zai kai dubun nan bakin fili ya kashe. Garin ya ƙaru da ko kwabo? Bai ƙaru ba. Mai shayin bakin fili ya yi dariya, mai shayin unguwa ya kwana da ragowar burodi. Kuɗin sun tsallaka layi ne kawai.

Masana tattalin arziki sun daɗe da bin diddigin wannan. A 1997 Roger Noll da Andrew Zimbalist suka fitar da littafi guda a kan filayen wasa na Amurka da ayyukan yi da haraji, bayansu kuma Dennis Coates da Brad Humphreys suka yi shekaru suna auna birane da dama. Masana ba kasafai bakinsu yake zuwa ɗaya ba, amma a wannan magana sun kusa haɗuwa kaf: filin wasa ba ya ƙara wa birni gaba ɗaya arzikin da zai biya kuɗin jama'ar da aka zuba a cikinsa. Unguwar da ke jikinsa tana iya farfaɗowa, amma akasari da abin da aka janyo daga wasu unguwanni. Shi ya sa a watan Afrilun 2024, da aka tambayi mutanen yankin Kansas City ko sun yarda a ci gaba da karɓar wani haraji domin a gina wa ƙungiyarsu ta besbol sabon fili a cikin gari, a kuma gyara na wata ƙungiyar, kimanin kashi 58 cikin 100 suka ce ba su yarda ba. Mutane ne masu son ƙungiyarsu, amma sun ƙi biya.

Yanzu mu koma ga adadin da na ce ku riƙe. Su wasa 81 suke bugawa a gida, duk da haka lissafi bai fita ba. Mu fa? Gasar firimiyar Najeriya ƙungiya 20 ce, kowacce wasa 19 take karɓa a gida. Kwana 19 cikin 365. Ina tambayar 'yan kasuwar da ke nan: wane ne a cikinku zai kama hayar shago na shekara saboda cinikin kwana 19? Wannan fa ga garin da yake da ƙungiya a babban rukuni ke nan. Su mutanen Atlanta sun gane haka, shi ya sa da suka koma bayan gari ba fili kaɗai suka gina ba. Sun kewaye shi da kantuna da otal da gidajen haya, domin wurin ya rayu ko ba a wasa. Wato kasuwa suka gina, suka sa fili a tsakiyarta.

Ku dubi gidan kallo. Rumfa ce ta kwano, da benci, da talabijin, da janareto. Ba a kashe mata ko kuɗin ƙofa ɗaya ta babban fili ba. Amma Asabar da Lahadi akwai gasar Ingila da ta Sifaniya, Talata da Laraba akwai ta zakarun Turai. Mai shayin da ke jikin gidan kallo ya fi na jikin babban fili sanin abin da zai samu a mako, domin ƙofar da ke kusa da shi kusan kullum a buɗe take.

Akwai hanya ɗaya da taron wasa yake kawo sabon kuɗi na gaske, ita ce idan baƙo ya zo daga wani gari ya kashe nasa. Maƙwabtanmu na Nijar sun iya wannan. Gasar kokowa ta Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohin ƙasar, kuma duk garin da ta sauka, ko Maraɗi ko Damagaram ko Doso, sai masauki ya yi wuya, mahauta su ƙara yanka. Haka Argungu take yi da bikin kamun kifi. Mu ma muna da irin namu. Dambe da kokowa bayan kaka ba baƙinmu ba ne. Ƙasar da take sauraron waƙar da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ba sai an koya mata son dambe ba. Kuma ɗan damben da ya yi suna yana janyo mutane daga garuruwa biyar, abin da wasan unguwa da unguwa ba zai yi ba. Ranar kasuwa, lokacin da mutanen ƙauyuka suka riga suka shigo, ita ce ranar da taron wasa yake da baƙi ba tare da an biya musu mota ba.

Na huɗu: a tsakiyar gari babu ƙasar da ba ta da mai ita.

Idan an ce a kawo fili cikin gari, ina za a ajiye shi? Gidan wa za a rushe, garkar wa za a ɗauka? A birnin Los Angeles, filin da ƙungiyar Dodgers ta buɗe a 1962 yana zaune ne a kan unguwar talakawa 'yan asalin Meziko da aka tasa, na ƙarshensu da ƙarfin 'yan sanda. Amma me zai kai ni Amurka ina tsaye a ƙasar Mafara? Dattawan da ke nan sun ga aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Sun san gonakin da aka karɓa, da yadda maganar diyya ta ja, da abin da ya faru a watan Afrilun 1980 lokacin da aka tura 'yan sanda kan manoman da suka tare hanya. Har yau ana gardama a kan yawan waɗanda suka rasu. Allah ya jiƙansu. Jama'ar da ta ga wannan tana da haƙƙin ta tambayi takarda kafin ta yi tafi.

Ku kuma sani, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. Idan hukuma ta karɓe fili don amfanin jama'a, abin da ake biya diyyarsa shi ne abin da ke kan ƙasar, gini ko shuka ko itatuwa, ba darajar wurin a kasuwa ba. Mai gidan ƙasa a bakin kasuwa za a ƙiyasta masa jar ƙasa da azara, alhali abin da ya rasa shi ne bakin kasuwar.

Hatsarin da ya fi kusa da mu ma ba wannan ba ne, kishiyarsa ce. Ba a cika rushe gidaje don a yi fili ba a ƙasar nan. Filin ake yankawa a yi shaguna. Filin makarantar firamare, gefen filin idi, dandalin da yara suke taruwa, a wayi gari an kafa turaku an ce an raba. A Kano an gina shaguna a kewayen filin idi na Ƙofar Mata, sabuwar gwamnati ta rushe su a 2023, magana ta kai kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, asarar ta tabbata. Filin cikin gari idan ya tafi ba ya dawowa da arha.

Na biyar: tsaro, a taƙaice, domin ba ni zan koya wa mutanen Jangebe wannan ba.

Tun daren 26 ga Fabrairun 2021, da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren garin nan, kowane uba a nan yana auna nisan inda ɗansa yake da inda taimako yake. Wasan da aka fara ƙarfe huɗu yana tashi dab da magariba. Fili a bayan gari yana nufin ɗaruruwan matasa a kan hanya rana tana faɗuwa, kuma uwa da yawa za ta ce ba da ɗanta ba. Wannan hujja ce babba ga cikin gari.

Sai dai taro a matsatsin wuri yana da nasa sharrin. Ranar 9 ga Mayun 2001, a filin wasa na Akara da ke Ghana, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu. A Kano, a watan Afrilun 2022, rikici ya ɓarke bayan wasan Pillars da Katsina United, aka farfasa motar baƙi, aka hukunta ƙungiyar, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa ƙaramin rukuni. Maƙwabcin fili shi ne farkon wanda dutse yake faɗawa kwanonsa. Don haka kafin a tambayi kujera nawa fili zai ɗauka, a tambayi ƙofa nawa gare shi, kuma ina kowacce take fita.

Na shida: to me za mu yi?

Tunda kun tambaye ni, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Garuruwa irin Jangebe da Bakura da Maradun ba sa bukatar a ɗauko wani katafaren gini a dasa musu a tsakiya, ba sa kuma bukatar a kai su daji a gina musu abin da awaki za su gada. Filin da kuke da shi yanzu a cikin gari ko a jikinsa, wanda yaro zai isa da ƙafa ya dawo kafin a kira salla, shi za ku riƙe da hannu biyu. Ku je ƙaramar hukuma ku nemi a auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka, a rubuta shi da sunan jama'a, uban ƙasa ya sa hannu, domin kada wani ya zo bayan zaɓe ya ce kango ne. Wannan aikin bai kai kuɗin buhunan siminti ɗari ba, kuma ya fi su muhimmanci.

Bayan nan a yi katanga mai ƙofofi masu faɗi, a haƙa ban-ɗaki, a samar da ruwa, a shuka dogon yaro a kewaye don inuwa, a keɓe gefen da mata da yara za su zauna ba tare da an takura musu ba. Sannan a cika masa kwanaki: 'yan makaranta da safe, ƙungiyoyin unguwa da yamma, gasar garuruwa a daidaita ta da ranar kasuwa, dambe da kokowa bayan an kai amfani gida, taron wa'azi da na saukar karatu idan sun taso. Masu sana'a a ba su wuri a jikin katanga da ɗan kuɗin haya sananne, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, a gyara raga da shi.

Idan kuma wata rana wani babba ya zo da zanen sabon fili a takarda mai ƙyalli, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sannan ku yi masa tambaya uku: kwana nawa za a buɗe shi a shekara, ƙasar wa za a ɗauka, kuma wa zai biya mai gadi da mai yankan ciyawa bayan an yanke zare an watse?

   Shugaban zama ya ce akwai sauran lokaci kafin salla, don haka duk mai tambaya ko mai gyara ya ɗaga hannu. Ina roƙon a fara ba masu sana'ar bakin fili dama, in akwai su a nan, sai 'yan wasa su biyo baya.